Motar gudu a ƙasar laka: abin da za ka duba kafin ka sauya taya a Gadarif

Hanyar Gadarif fuska biyu gare ta a shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kwalta ta ɗauki wuta, baƙar ƙasar nan tamu ta tsattsage har ka iya zura hannu a ciki. Da ruwa ya zauna a Yuli, ƙasar nan dai ita ce za ta koma laka mai danƙo wadda ke kama mota kamar ta rantse ba za ta sake ta ba. Tun daga shekarun 1940 da aka fara noman injin a Gadambaliya, abin hawan da garin nan ya sani shi ne tarakta, lori da boksi, masu tayoyi manya da suka saba da wahala.

Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, sai garin ya cika da wasu irin motoci da ba mu saba gani da yawa ba: gajeru, masu kwanciya a ƙasa, masu faffaɗan wili da taya siririya kamar an shafa ta. Motocin titin Kartum ne, wasu kuma na 'yan uwa da suka dawo daga Saudiyya. An ƙera su domin gudu a kan kwalta mai santsi. Yanzu tayoyin da suka zo da su sun suɗe, masu su kuma suna tsaye a gaban shago suna tambayar wacce za su saya.

Ni malamin lissafi ne, ba makanike ba. Amma rubutun da ke jikin taya da haruffan boko yake, yawancinsa kuma lambobi ne, shi ya sa maƙwabta kan ɗauko hotonsa a waya su ce, "Malam, karanta mana wannan." Abin da na lura shi ne, mai saye kan tambayi abu biyu kawai: nawa ne, kuma 'yar wace ƙasa ce. Alhali abubuwan da za su kai ka Fao lafiya su dawo da kai, duk suna rubuce a gefen tayar.

Lambobin girma

A ce an rubuta 245/40 R18. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 245. Ta biyu, wato 40, tana nufin tsayin gefen taya kashi 40 cikin ɗari ne na wannan faɗin. Idan ka buga lissafi, milimita 98 ke nan. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 18. To, dubi boksi mai ɗauke da 265/65 R17: gefen tayarsa milimita 172 ne. Wannan gefen shi ke shanye duka idan mota ta faɗa rami. Mai boksi zai ji girgiza ya wuce. Mai milimita 98 kuwa, ramin zai matse tayar tsakanin bakin kwalta da ƙarfen wili, zaren ciki ya tsinke, washegari ya ga ƙulu ya fito a gefe kamar ƙwai. Wani lokaci wilin ma ya lanƙwashe.

Wani ɗan yayata da ke da irin wannan mota ya fasa taya biyu cikin wata guda tsakanin Gadarif da Doka. Ya zo yana cewa, "Kawu, tayoyin yanzu duk jabu ne." Na ce masa, "Ɗana, tayar ba ta yi laifi ba, hanyar da aka yi ta dominta ce babu a nan." Muka zauna da takarda. Tsayin tayarsa gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, kusan milimita 653 ne. Idan ya sauka zuwa wili mai inci 17 ya sa 225/50 R17, tsayin zai zama kusan 657, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma gefen ya ƙaru daga 98 zuwa 112. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada tsayin sabuwar taya ya bambanta da na asali fiye da kashi uku cikin ɗari, don kada agogon gudu ya riƙa yi maka ƙarya, kada kuma tayar ta riƙa gogar jikin mota. Sharaɗi ɗaya ne: motocin gudu birkinsu babba ne, dole a gwada ƙaramin wilin a ga ya rufe birkin ba tare da ya taɓa shi ba. Motar za ta ɗan rage kaifi a kwana, ta kuma rage kyau a idon samari. A ganina wannan asara ce mai sauƙi.

Nauyi da gudu

Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 97W ko 91V. Lambar nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ce: 91 kilo 615, 97 kilo 730, 100 kilo 800, 112 kuma kilo 1120. Harafin kuwa iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y 300.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa zai yi gudun 270 a hanyar Shuwak, da ramuka da raƙuma da lorin ridi? Babu. Amma taya mai babban harafi an gina ta ne ta jure zafin da gudu ke haifarwa, zafi kuwa shi ne abin da muke da shi a yalwace. Saboda haka kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Za ka samu wannan a wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ƙofar direba, tare da yawan iskar da ya kamata a sa. Lambar nauyi kuwa ba a wasa da ita ko kaɗan. Motar da aka yi wa mutum huɗu, a nan takan ɗauki shida da buhun dawa a baya. Idan ka ga XL a jikin taya, an ƙarfafa ta domin ƙarin kaya, kuma ita ta fi dacewa da mu.

Akwai kuma wurin da aka rubuta Temperature, da harafin A, B ko C a gabansa. A ita ce mafi jure zafi. Mai bin doguwar hanya a watan Afrilu ya nemi A, in ya rasa ya tsaya a B. Kusa da shi za ka ga Treadwear da lamba. Tayoyin gudu zalla lambarsu ƙarama ce, kamar 200 ko 300, domin robarsu mai taushi ce, tana kama kwalta sosai amma tana saurin cinyewa. Tsakuwar hanyoyinmu kuwa kamar magagari take. Wanda ba tsere yake yi ba, gara ya nemi mai 400 zuwa sama, muddin harafin gudunta bai gaza ba.

Shekarun taya

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗora ta a mota ba, rana da zafi kuma suna gaggauta tsufan. Kamfanonin mota da yawa suna cewa a sauya taya idan ta kai shekara shida. Kamfanin Michelin ya ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta kai goma a cire ta ko da haƙoranta suna nan. Tayar da ta yi shekara uku a jibge a rana a bakin shago, ko da takardarta a jiki, ta riga ta ci wani abu daga cikin kwanakinta.

Na hannu

Kuɗi ya yi wuya, kowa ya sani, kuma girma irin na motocin gudu ba kowane shago ke ajiye sabuwarsa ba. Shi ya sa da yawa ke komawa ga ta hannu. Idan dole ce ta sa, to a duba abu huɗu. Na farko shekarunta. Na biyu haƙoranta: a cikin ramukan akwai wasu 'yan tudu da ke nuna milimita 1.6, idan haƙori ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Ka kula da wadda aka sake yanka wa haƙora da ƙarfe mai zafi don ta yi kama da sabuwa. Tayar ƙaramar mota ba ta da kaurin da za a yi mata haka. Na uku, a juya cikinta a gani. Facin da ke tsakiya, inda taya ke taka ƙasa, ana iya zama da shi idan hujin bai wuce milimita 6 ba. Faci a gefe, ko ƙulu, ko tsaga, a bar ta ko kyauta ce. Na huɗu, idan akwai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa, galibi tayar hunturu ce. Haƙoranta kan yi kyau a ido, amma an haɗa robarta domin sanyi, a zafinmu sai ta yi laushi, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi nisa kafin mota ta tsaya.

Kada a ɗauka maganar zafi tsoratarwa ce. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan an yi ta samun haɗurra inda bayan taya ke ɓarewa a kan gudu, yawanci a motocin Ford Explorer, kuma yawanci a jihohi masu zafi. Tun a 1999 Ford ta fara sauya irin waɗannan tayoyi a Saudiyya. Zafi, ƙarancin iska da nauyi suna cikin abubuwan da aka gano sun haɗu a lamarin. Dukansu uku muna da su a hanyar Madani.

Damina

Nan ne gaskiya ke da ɗaci. Babu tayar da za ta mayar da motar gudu ta zama boksi. Faffaɗar taya mai ƙananan haƙora, da ta shiga lakar Gadarif sai ramukanta su toshe, ta koma sumul tana juyi a wuri ɗaya, cikin motar kuma ya zauna a ƙasa. Hanyar gona daga Yuli zuwa Satumba ta tarakta ce da boksi mai manyan haƙora. Abin da mai ƙaramar mota zai nema shi ne taya mai kore ruwa a kan kwalta, wato mai zurfin ramuka. Da haƙora sun sauka zuwa milimita 3, gara a sauya kafin ruwan farko, domin faffaɗar taya da ta suɗe takan hau kan ruwa ta yi iyo, sitiyari ya zama ba shi da amfani.

Wajen ɗaurawa

Ka tsaya a kan mai banshar har ya gama. Tayar da ke da kibiya da kalmar Rotation gefe ɗaya take juyawa. Wadda aka rubuta wa Outside, wannan fuskar ce ke kallon waje. Wasu motocin gudu tayoyin bayansu sun fi na gaba faɗi, kada a musanya. Idan biyu kawai aljihu ya iya, su zama iri ɗaya, a sa su a baya, domin idan baya ya zame a kan ruwa, direba ba shi da abin da zai yi. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa tana son duka huɗun su zama daidai. A yi balans, a duba saitin ƙafa, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya kafin a kai ridi kasuwa.

Sai maganar iska, wadda na fi yawan jayayya da direbobi a kanta. Da yawa kan rage iska idan rana ta take, wai kada taya ta fashe. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwasa a kowane juyi, ta ƙara zafi daga ciki, ita ce kuma ke fashewa. A auna da safe kafin mota ta motsa, da geji, ba da bugun ƙafa ba, a sa abin da takardar ƙofa ta ce. Idan an yi tafiya iskar ta hau, a ƙyale ta, haka aka tsara. Taya mai siririn gefe takan ɓoye ƙarancin iska, ido ba ya gane ta, don haka a riƙa aunawa duk mako biyu, har da safaya.

Duk nauyin mota da na mutanen cikinta yana kan wurare huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu girma sosai ba. Kafin ka biya kuɗi, ka durƙusa ka karanta girma, nauyi, harafin gudu, harafin zafi da shekara. Wanda bai iya haruffan ba ya ɗauki hoto ya nuna wa ɗan makaranta, minti biyar ya isa. Allah ya kiyaye hanya.