Auna labari kafin ka buɗe rumbu

Darasinmu na yau a kan abu biyu ne da ke tafiya tare: labarin da ke shiga kunnenka, da hatsin da ke cikin rumbunka.

Ku dubi garin Takieta. Yana bisa babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wajen kilomita 50 kafin a shiga birnin Zinder. A nan ne hanyar Kance da Matamaye ta rabu, ta nufi Kano. Kowace mota ta tsaya, tana sauke mutane da kaya da labari. Yanzu kuma ga salula, ga saƙon murya na WhatsApp. Wani labarin gaskiya ne, wani ƙarya ne, wani kuma rabi da rabi. Yaya za ka gane?

Ka yi wa kowane labari tambaya huɗu.

Ta farko: wa ya faɗa? In an ce maka "an ce", ka tambaya wane ne ya ce. Labarin da ba shi da uba, kada ka ba shi masauki.

Ta biyu: da idonsa ya gani, ko ji ya yi? Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ta uku: yaushe abin ya faru, kuma a ina? Sau da yawa tsohon labari ne ake sake yaɗawa kamar na jiya.

Ta huɗu: wa zai ci riba in na yarda? Misali, da kaka mai sayen hatsi ya ce maka farashi zai faɗi, ka yi maza ka sayar. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma ka tuna shi ne mai saye. Ka saurari Muryar Sahel da rediyon karkara na kusa da kai. Ka tambayi wanda ya ci wata kasuwa a makon nan. Akwai kuma hukumar SIMA mai tattara farashin hatsi na kasuwannin ƙasarmu. In baki biyu ko uku da ba su ji daga juna ba suka faɗi magana ɗaya, to, maganar ta samu ƙafafu.

Sai dai bincike yana son lokaci. Wanda rumbunsa ke da hatsi yana iya jiran kwana uku ya tabbatar. Wanda mai bashi ke tsaye a ƙofarsa ba ya iya jira. Ko ya san labarin ƙarya ne, dole ya sayar a yau. Shi ya sa muka ce tsimi da auna labari tagwaye ne.

Dattawanmu sun ga haka da idonsu. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun naira, ta rufe iyakar Najeriya, ta ba da ƴan kwanaki kaɗan na canji. Masu tsohuwar naira a wannan gefen da yawa sun yi asara. A shekarar ne kuma damina ta ƙi, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka rage darajar sefa da rabi. An daɗe ana raɗe-raɗin haka, wasu suka yarda, wasu suka ƙi. Da abin ya tabbata, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. A 2005, bayan fari da fara na 2004, kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu tsakanin kaka da damina a jihohin Zinder da Maraɗi. Wanda ya sayar da arha da kaka, shi ne ya komo yana saye da tsada. A waɗannan shekaru duka, mai ajiyar hatsi da ƴan bisashe ya fi samun sauƙi.

To, yaya ake fara tsimi? Ga lissafi. In kana kashe dala 20 kullum a kan shayi da taba, cikin kwana 30 ka kashe jikka 3. Cikin wata 12 ka kashe jikka 36. Ka rage rabi kawai, ka samu jikka 18 a shekara. Kuɗin ƴar akuya ke nan ko kusa da shi.

Da kaka, kafin ka sayar da ko tiya ɗaya, ka ƙidaya bakunan gidanka. Ka ware na ci har sabon hatsi, ka ware iri, sauran shi ne na sayarwa. Biki da suna a yi su daidai ƙarfi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin da za ka ci da damina ka biya ninki da kaka, shi ke sa ka yi wa wani noma. In buƙatar kuɗi ta matsa, ka tambayi ƙungiyar manoma ko tana yin warantaji. Ana sa hatsi a sito jingina, a karɓi rance, in farashi ya tashi a sayar, a biya. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin haka a Nijar.

Ɗan'uwa, yanzu ka iya rubutu, ka yi amfani da shi. Ga aikin wannan mako. A shafi ɗaya na littafinka ka rubuta duk abin da ka kashe kwana 7. A wani shafin ka rubuta labari ɗaya da ka ji, da wanda ya faɗa maka, da ranar. Ku kawo aji, ku karanta wa malaminku, ku yi shawara a kai.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.