Kuɗin kwamin, kuɗin talakawa ne

Kowace shekara maigari yana bin gida gida yana karɓar lanho. Ran kasuwa kuma mai tikiti yana karɓa wurin mai tebur, da mahauci, da wanda ya saida akuya. Kuɗin nan suna shiga asusun kwamin. Amma manoma da makiyaya da yawa, daga sun biya, ba su sake jin labarinsu.

A shekarar 2004 aka yi zaɓen kansaye cikin kwamin 265 na ƙasar Nijar. Aikinsu shi ne su zauna ƙarshen shekara su tsara kasafin kuɗin baɗi: abin da zai shigo, da inda za a kashe shi. Sarakunan gargajiya suna cikin zaman, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Dokar 2010 ta ce zaman majalisar kwamin a buɗe yake, talaka yana iya shiga ya saurara. Sai dai takardun da Faransanci ake rubuta su, wanda bai yi lakwal ba kuwa saurarensa bai da nisa.

A watan Afrilu na 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa wakilanta su riƙe kwamin. Masu riƙo sun canza, amma aljihun da kuɗin ke fitowa bai canza ba.

Akwai wata dabara da aka fara a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil a 1989, daga baya ta iso Afirka. Kafin a rubuta kasafi, kowane ƙauye yana taro. Mutane su faɗi bukatunsu: rijiya, ajin lakwal, ɗakin haihuwa, bankin cimaka, shingen rigakafin dabbobi. Kuɗi ba su isa duka, don haka sai a jera su, mafi gaggawa a gaba. A zaɓi wakilai su kai maganar kwamin. Bayan shekara a dawo a karanta lissafi gaban kowa: nawa aka tara, nawa siminti ya ci, wa ya samu kwangila.

Wurin jeri ne gardama take. Maza suna son hanya, mata masu tashi da asuba neman ruwa suna son famfo. Idan mata ba su samu nasu zaman ba, hanya za ta ci. Makiyayi kuma, idan an sa taro lokacin da yake mashekari da garkensa, ba mai tada maganar burtali, sai ran da shanu suka faɗa gona.

Masu riƙon kwamin suna kukan mutane ba su biyan lanho, kuma kukan nasu da gaskiya. To amma mutumin da ya ga lissafi manne a bangon kasuwa da Hausa ko Fulatanci, ya kuma ga rijiyar da ya zaɓa ana ginarta, ba ya ɓuya idan maigari ya yi sallama.