Injin Yankan Ƙarfe Mai Araha Da Faifansa

Jama'a, yanzu da aka gama kai amfanin gona gida, lokaci ya yi da za a duba kayan aiki: garmar shanu da bakinta ya cinye, da amalanken da ya sha dakon rogo a hanyoyin Batsari har ƙarfensa ya tsage, da ƙofar garken da ta ɓalle. A cikin yawon da na yi kwanan baya tsakanin Batsari da Ruma, da kuma Safana da Runka, tambaya guda manoma suka yi ta maimaita mini, watau ko ya kamata mutum ya sayi ɗan injin nan na yankan ƙarfe mai araha, wanda masu walda su ke kira giranda, ko kuwa asarar kuɗi ce. To, amsar da na ba su ita ce zan shimfiɗa a nan, domin wanda bai ji ba ya ji.

Shi wannan inji ba wani abu ba ne illa ɗan moto mai aiki da lantarki, wanda ya ke juya wani faifai mai kaushi. A Jamus aka fara ƙera irinsa mai tsananin gudu a cikin 1954, har yau kuwa Jamusawa Flex su ke kiransa. Faifan ba shi da haƙora kamar zarto. Cin ƙarfen ya ke yi da kaɗan da kaɗan, shi ma yana cinyewa. Saboda haka ne ya ke yanka abin da ya gagari zarto. Kowa ya san maƙeranmu da sifirin tsohuwar mota su ke yin bakin garma da fartanya, ƙarfe ne mai tauri ƙwarai. Da zarto sai a ƙarar da haƙoransa ba a yi nisa ba, da kurfi kuwa sai an sa shi a wuta an ci gawayi. Giranda kuwa kafin ruwan shayi ya tafasa ta raba shi biyu. Haka kuma rodi, da bututu, da notin da ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa a jikin amalanke.

Iri biyu aka fi gani a kasuwa. Akwai ƙarama mai ɗaukar faifai na inci 4½, watau milimita 115, wadda ta ke cin wuta kamar wat 500 zuwa 900. Akwai kuma babba mai faifai na inci 9, watau milimita 230, wadda ta ke cin wat 2,000 ko fiye. Ga manomi ƙaramar ta isa. Babbar ta masu walda ce, tana da nauyi, ɗan ƙaramin janaretan nan na haska shago kuwa ba zai iya tashinta ba. Ko ƙaramar ma, ku sani a lokacin tashi ta kan ja wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinta, don haka a nemi janaretan da ya fi ta ƙarfi sosai. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba wanda ya ke ta da janareta don wasa, sai a tara ayyukan yanka a yi su zama ɗaya.

To, mene ne bambancin mai araha da mai tsada? Mai araha ta kan yi zafi da wuri, gawayin nan biyu na cikin moton su kan cinye da sauri, man da ke cikin giyarta kuma sau da yawa ba shi da yawa. Wanda zai wuni yana yanka kullum, kamar mai yin ƙofofi da tagogi, idan ya saye ta zai yi kuka. Amma manomin da zai yi yanka goma ko ashirin a wata, in ya riƙa barinta ta huta, ya busa ƙurar da ta toshe kafofin iskarta, ya kuma ajiye gawayi na canji, za ta yi masa shekaru. A ganina ba laifi a yi tsimi wajen injin. Inda ba a tsimi shi ne wajen faifai, a nan ne kuwa na ga mutanenmu sun fi yi.

Ku tsaya ku ji dalili. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya. Watau bakin faifan yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, ga shi kuwa kaurinsa bai fi milimita 1 zuwa 3 ba. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne wani irin danƙo da ragar zare da aka saka a cikinsa. In ya fashe, gutsattsarinsa da wannan gudu su ke tashi, fuskar mai aikin kuwa ba ta fi kamu biyu daga wurin ba.

Kowane faifai na kirki an rubuta a jikinsa iyakar gudun da zai iya ɗauka. Na inci 4½ za ku ga 13,300, na inci 9 kuwa wajen 6,600. Ka'idar ita ce lambar da ke jikin faifai ta fi wadda ke jikin inji, ko su yi daidai. Wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya duba masa, ba abin kunya ba ne. Abin da ya ke kawo ɓarna shi ne ramin tsakiyar faifan duka ɗaya ne, babba da ƙarami, don haka babban faifai ya kan shiga ƙaramin inji muddin an cire murfin kariya. Sai mutum ya karɓi ragowar babban faifai wurin mai walda don ya fi araha, ya ga murfin ya hana shi zama, ya kwance murfin ya yar. Ya yi kuskure biyu ke nan a lokaci guda: ya sa faifai gudun da ya fi ƙarfinsa, ya kuma kawar da abin da zai tare shi in ya fashe. Ku lura kuma, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke neman tarwatsa faifan sau huɗu ya ke ninkawa.

Na ga wannan da idona bara a wani ƙauye. Wani saurayi mai ƙwazo, wanda ya ke gyara wa mutane amalanke, ya yi haka. Allah ya kiyaye idonsa, amma sai da aka yi masa ɗinki daga kunci har haɓa, shanunsa kuma suka yi mako uku ba mai bi da su a tsakiyar huɗa. Kuɗin da ya kashe a asibiti zai sayi faifai cike da kwali.

Sa'an nan faifai yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. A zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa masu ƙera na kirki su kan buga wata da shekarar da zai daina aiki, galibi shekara 3 daga ƙera shi. Laima kuwa tana raunana danƙon. Wannan magana ta 'yan kasuwa ce musamman: kada ku ajiye faifai a ƙasan shago inda damina ta ke jiƙa shi, kada kuma ku jibga masa kaya a kai. Wanda ya faɗi ƙasa, ko ya lanƙwashe, ko bakinsa ya ɓantare, a karya shi a jefa a rami don kada yara su tsinta. Ku kuma malaman da ke riƙe da littafin ƙungiyoyin manoma, in ƙungiya ta sayi inji na taron dangi, ku rubuta wanda ya ara da ranar da ya mayar, ku duba murfin da mariƙin gefe suna nan kafin ku karɓa.

Faifai kuma iri biyu ne, kada a gama su. Na yanka siriri ne, da bakinsa kaɗai a ke aiki, a tsaye. Na wasa kauri gare shi, kamar milimita 6, shi a ke kwantarwa a goge walda ko a wasa bakin garma. Wanda ya kwantar da siririn ya yi wasa da gefensa yana cinye ragar da ta riƙe shi ne. Wajen wasa fartanya ko garma kuma a yi a hankali ana tsoma ta a ruwa, gama in bakin ya yi shuɗi ya sha zafi ke nan, taurinsa ya tafi, zai dakushe da wuri. Faifan zarto mai haƙora na masu katako kuwa kada a kuskura a ɗaura shi ko kusa, ya kan cije ya fizge injin daga hannu.

Wajen yankan kansa, a ɗaure ƙarfen tam, kada a sa yaro ya riƙe, kada a take da ƙafa. A tokare shi yadda guntun da za a cire zai faɗi da kansa, bakin yankan ya buɗe. In an tokare ƙarshensa biyu aka yanka a tsakiya, sai ya lotsa ya matse faifan, a nan ne injin ya ke harbi. A riƙe da hannu biyu, a tsaya a gefe ba a saitin faifan ba, a bar sabon faifai ya yi gudu kamar rabin minti kafin ya taɓa ƙarfe. Ba a dannawa, nauyin injin ya isa. A sa tabarau na aiki. A tuɓe babbar riga, a cire rawani da mayafi, domin abin da ya kama ba ya saki.

Akwai wani haɗari da ya fi shafarmu mu da wuta ta ke ɗaukewa. Makunnin yawancin masu araha maƙalewa ya ke yi in an tura shi. Wuta ta ɗauke, ko mai ya ƙare a janareta, sai mutum ya ajiye injin a ƙasa ya manta a kunne ya ke. Da wuta ta dawo sai ya tashi da kansa ya bi ƙafafun mutane. Da zarar ya tsaya, a kashe makunni, a zare filogi. Haka kuma duk lokacin da za a canja faifai.

Sauran magana ta gobara ce. Tartsatsin nan gutsattsarin ƙarfe ne masu wuta, su kan yi tafiyar taku da yawa, yanzu kuwa hunturu ne, ko'ina kara ne da harawa da zana. A fita fili nesa da rumbu da jarkar fetur, a ajiye bokitin ruwa, in an gama kuma a ɗan dakata a duba ko wani abu yana hayaƙi. Masu yanka durom don yin kwamin shayar da shanu su ji da kyau: durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko ya shekara a bushe, tururin da ke cikinsa ya isa ya fashe shi. A buɗe murafensa, a wanke, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yanka. Wanda ya ɗauki maganin feshi kuwa, ko an wanke shi, ba na shayar da dabba ba ne.