Esinka na ɗigar da ruwa a ɗaki? Dakata, kada ka yi saurin biyan kuɗin gas

Ka ɗauki watanni kana tara kuɗi, ka sayi na'urar sanyaya ɗaki, sabuwa ko ta hannu. Cikin dare sai ka ji ɗis, ɗis a kan katifa. Ka kunna fitilar waya, sai ga ruwa yana bin bango, ya kusa kai wa soket ɗin da kake cajin wayarka. Abin da mafi yawanmu ke yi shi ne mu tara bokiti, da safe mu kira mai gyara, shi kuma ya ce gas ya ƙare.

Kafin ka zaro kuɗi, ka san cewa kowane esi mai lafiya yana yin ruwa. Ka lura da yadda gorar zoɓo mai sanyi ke yin gumi idan ka fito da ita daga firji? Haka abin yake. Iskar ɗaki mai ɗauke da laima tana bi ta kan ƙarafa masu sanyi a cikin na'urar, laimar ta zama ruwa, ya taru a wani ɗan faranti, ya bi siririn tiyo ya fita waje. Tiyon nan shi ne indararon esi. Idan ka ga ruwa a ɗaki, hanyarsa ce ta lalace. Shi ya sa matsalar kan ɓuya a zafin Maris da Afrilu, lokacin da iska ke bushe a Arewa, sai damina ta kankama ta fito fili.

Da farko kashe na'urar daga makunnin bango, ba da rimot kaɗai ba, ka janye talabijin da wayoyin wuta daga ƙarƙashinta. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

Daga nan ɗaga murfin gaba ka zaro ragar da ke tace ƙura. In rabonka da ita tun hunturu, za ka ga abin mamaki. Ragar da ta toshe tana hana iska wucewa, sanyi ya yi yawa a ciki har ƙanƙara ta kama. Da an ɗauke wuta sai ta narke lokaci guda, ta fi ƙarfin farantin. Wanke ragar da ruwa, ka bari ta bushe a inuwa. In ka tarar da ƙanƙara, kada ka sa mata wuƙa, ƙyale ta ta narke da kanta.

Sai ka zagaya bayan ɗaki ka duba bakin tiyo. Ƙura da gansakuka kan toshe shi, wani lokacin ma zanzaro ne ya yi gini a ciki. Duba ko ya lanƙwashe, ko ya ɗaga sama, ko bakinsa ya nutse a cikin bokitin da aka tara masa. Ga gwaji mai sauƙi: na'urar tana kashe, zuba ruwa kofi ɗaya a hankali cikin farantin, nesa da ɓangaren wayoyi, wani ya tsaya a waje. In bai fito ba, ka gano ɓarawon.

Ja da baya kuma ka kalli zamanta a bango. In wanda ya kafa ta ya karkatar da ita, ruwan zai gangara inda ba mafita. Haka nan in soson da aka naɗe bututun jan ƙarfe da shi ya yage, bututun zai riƙa gumi yana jiƙa bango ko silin.

To, ina maganar gas? Gaskiya ne ƙarancinsa na kawo ƙanƙara. Amma gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare, zagayawa yake yi a rufe. In ya ragu, akwai inda yake tsiyaya. Duk mai gyaran da zai ƙara maka ba tare da ya nemo ramin ya toshe ba, ya ɗaura maka biyan kuɗi ne duk bayan 'yan watanni. Ka ce ya auna a gabanka, ya kuma sa irin wanda aka rubuta a jikin injin waje, ko R22 ne, ko R410A, ko R32. Wannan aikin nasa ne, kada ka taɓa, musamman da yake R32 na iya kamawa da wuta.

In komai ya daidaita, riƙa wanke raga duk bayan mako 2, ka rufe ƙofa da taga, ka bar rimot wajen 24 maimakon 16. Kada ka ce ai ɗigo ne kawai. Bango zai yi baƙi, fenti ya ɓare, ɗaki ya ɗauki warin ruma, ranar tashi kuma mai gidan haya ya lissafa maka.