Gubar Dalma a Zamfara: Abin da Asibiti Ba Zai Iya Ba

A farkon shekarar 2010 agwagi ne suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya abin ya koma kan ƙananan yara: ciwon ciki, amai, jijjiga, sai suma. A ba yaro maganin zazzaɓin cizon sauro, ko gezau. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shiga yankin don sa ido kan cutar sanƙarau, suka lura mace-macen sun wuce hankali, kuma gwajin jini ya nuna dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin lafiya na Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A jimlace an ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka mutu a yankin. Abin da ya biyo baya ya isa hujja kan magana ɗaya: ba a gadon asibiti ake cin galabar gubar dalma ba, kuma wa'azi ga iyaye ko hana sana'a da baki ba sa kawar da ita. Hukuma ce kaɗai ke da ƙarfin raba yaro da inda gubar take fitowa, kuma duk inda aka ga nasara a duniya, wannan aka yi.

Asalin annobar ba a Zamfara yake ba, yana kasuwar zinare ta duniya. Oza ɗaya da ake sayarwa kusan dala 600 a 2006 ta haura dala 1,000 a ƙarshen 2009. Manomin da ke jiran damina ɗaya a shekara ya ga dutsen bayan gari zai ba shi a mako abin da gero ba zai ba shi a wata ba, sai ya ɗauki diga. Rashin sa'a, jijiyar zinaren wasu ramukan haɗe take da dalma mai yawa, a wasu duwatsun har fiye da kashi goma cikin ɗari. Da a bakin rami ake sarrafa dutsen, da ɓarnar ta tsaya kan masu aikin. Amma gida ake kawo shi cikin buhuna, don gudun ɓarayi da kuma don matan da ke cikin kulle su sami na kashewa. Mace ta farfasa dutse da guduma a tsakar gida, ta daka a turmin da take daka hatsi, sannan a kai injin niƙa, sau da yawa injin da ake niƙa gari da shi. Niƙan busasshe ne, ƙura ta tashi fari fat ta sauka a daɓe, a tabarma, a kan hatsin da aka shanya, a bakin rijiya. A wasu gidaje an auna ƙasa an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin, a inda yara ke wasa, 400 ce.

Babba da yaro suna kwana cikin ƙura ɗaya, amma ba ɓarna ɗaya take yi musu ba. Mai rarrafe hannunsa kullum yana tsakanin ƙasa da baki, kuma hanjinsa na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba zai tsotse. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin kalsiyam, ya kai ta ƙwaƙwalwa mai tasowa, ya ajiye saura a ƙashi da haƙori na shekaru masu yawa. Yarinyar da ta sha ƙurar tana ƙarama, ranar da ta sami ciki dalmar da ke ƙashinta za ta koma jini ta isa ga ɗan tayi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, wanda ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, yana ƙara buɗe wa gubar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa. Awo biyar na mikrogiram a desilita ya isa a tashi neman inda yaro ke samunta, awo 45 kuwa magani ya zama dole. A waɗancan ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakarta 65, kuma yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. Mutuwa ita ce ɓangaren da ido ke gani. Wanda ya rayu yakan tashi da raunin fahimta, ko taurin karatu, ko lalurar ƙoda, wasu ma da makanta ko shanyewar jiki, kuma abin da dalma ta ci a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Akwai magani, kuma ya ceci rayuka. Ƙwayar da ake kira DMSA tana kama dalmar da ke yawo a jini ta fitar da ita ta fitsari, kuma da MSF ta fara bayar da ita a Anka da Bukkuyum mace-mace sun ragu ƙwarai. Sai dai likitocin da kansu sun kafa sharaɗin da ya kamata kowane mai tsara manufa ya riƙe: ba za su ɗora yaro kan magani ba alhali zai koma kwana a gurɓataccen gida, domin zai sake kwasar abin da aka fitar. Dole a fara da ƙasa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma kafin daminar 2010 ta kankama, sannan a Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru da Tungar Daji, ƙarƙashin jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Aikin ba na manyan injuna ba ne. Mutanen gari ne da fartanya da shebur suke kankare saman ƙasar tsakar gida, a zuba a buhu, a kai rami mai nisa a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Bagega, wadda ta fi duk sauran girma, ita ce ta sha jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a watan Mayu na 2012, kuɗin bai fito ba sai a farkon 2013, bayan matsin lambar Human Rights Watch da matasan Follow The Money. Duk tsawon wannan lokaci yara kusan 1,500 suna zaune cikin guba, maganin yana nan, likitocin suna nan, sa hannun wani jami'i a Abuja kaɗai ake jira. Wannan jinkiri ya isa ya nuna a hannun wa ran yaran yake.

Tarihin dalma a sauran duniya ma haka ya tafi. Tun shekarun 1920 ake zuba ta a man fetur, kuma ba a taɓa magance matsalar ta hanyar gaya wa iyaye su rufe tagogi ba. Amurka ta fara rage ta a shekarun 1970, ta hana fentin gida mai dalma a 1978, ta kammala hana fetur mai dalma a motoci a 1996, kuma dalmar da ke jinin yaranta ta faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Misalin Bangaladash ya fi kusa da halinmu, domin ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi. Can a da masu sarrafa gangamau suna shafa masa wani rini mai dalma don ya yi rawaya shar ya ja ido. Da bincike ya tona asirin a 2019, hukumar kula da abinci ta shiga kasuwanni da na'urar gwaji, ta ci tarar dillalai a bainar jama'a, aka liƙa takardun gargaɗi ko'ina. Kashi 47 cikin ɗari na samfuran kasuwa ke ɗauke da gubar a 2019, zuwa 2021 ba a sami ko ɗaya ba a inda aka sake gwadawa.

Wani zai ce ai jahilci ne ya kashe yaran Zamfara, don haka wayar da kai ya wadatar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin da sarakuna da dagatai da limamai suka fahimci abin da ke faruwa, su ne suka sa aka fitar da injunan niƙa daga cikin gari, kuma ba don su ba da ba a bar baƙi maza sun shiga gidajen kulle ba. Amma sani ba ya kankare ƙasa. Uwar da aka ce ta riƙa wanke wa ɗanta hannu, a gidan da daɓensa da rijiyarsa da hatsinsa duk sun gurɓata, an ɗora mata kayan da ba nata ba ne. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ba ta canza launin ƙasa, kuma ba mai iya sanin tana nan sai da na'ura. Ban da haka, sanin bai hana annobar ƙaura ba: a 2015, shekara biyar bayan duniya ta ji labarin Zamfara, yara 28 suka mutu a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, ta hanya iri ɗaya sak.

Ɗaya ƙorafin ya fi ƙarfi, shi ne a hana haƙar gaba ɗaya a huta. An gwada. Gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, saboda matsalar 'yan bindiga, kuma ba ta ɗage dokar ba sai a Disamba na 2024. Ba wanda ya san yankin da zai ce an daina haƙa a waɗannan shekaru. Ta fuskar lafiya ma hanin yana da haɗarin kansa. Mutumin da sana'arsa ta zama laifi ba zai niƙa dutse a fili ba, ɗaki zai shiga da shi, inda yara suke. Ba zai kai ɗansa gwaji ba don kada a bi sawu, kamar yadda wasu ƙauyuka suka ɓoye mace-mace a 2010 saboda tsoron a toshe musu hanyar abinci. Dokar da ba za a iya tilastawa ba, amfaninta kawai ta kori matsala daga gaban jami'i zuwa bayan danga.

Abin da ya yi aiki a Shikira bai kai hani amo ba. MSF da ƙungiyar Occupational Knowledge International sun zauna da masu haƙar, aka keɓe wurin sarrafawa nesa da gidaje, aka sa feshin ruwa a bakin injin niƙa don ƙurar ta kwanta, aka tanadi wurin wanka da canza kaya don kada mutum ya kai gubar gida a rigarsa. Dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Masu haƙar sun karɓi tsarin ne domin bai taɓa musu riba ba. Matsalar ita ce wa zai mayar da wannan gwaji doka ta yau da kullum. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar ma'adinai a hannun tarayya kaɗai, asibitin da yaro zai kwanta na jiha ne, ƙaramin asibitin ƙauye na ƙaramar hukuma, gurɓatar muhalli kuma akwai hukumar NESREA da ma'aikatun jihohi. Kowa na da hannu a ciki, ba wanda za a kama da laifi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi a haɗa ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama kai masu rajista. Nan ne ya dace a ɗaura sharaɗin: ba lasisi, ba sayen zinare ta hanyar hukuma, sai ga wurin niƙa mai ruwa a wajen gari.

Saura mai cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara dubbai ba ta da kuɗin bin dalma. Lissafin nan yana ƙirga gawa ne kawai. Rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 800, ɗaya cikin uku a duniya, suna da awo biyar ko fiye a jininsu, kuma mafi yawansu ba za su taɓa yin jijjiga ba, a aji kawai za a ga sun kasa. Kuɗin da aka kashe wa makarantar yaron da aka riga aka daƙushe wa ƙwaƙwalwa, rabinsa ya zube. Kuma ba zinare kaɗai ba ne ƙofar. Kwallin da ake sa wa jarirai, wani irinsa dutsen dalma ne tsantsa: a 2011 likitoci a Boston sun gano tozalin da aka kai wa wani jariri daga Najeriya fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Akwai masu fasa tsofaffin batiran mota, sana'ar da ta kashe yara 18 a Thiaroye da ke gefen Dakar tsakanin 2007 da 2008, kuma batiran sola da na janareta sai ƙaruwa suke a garuruwanmu. Akwai tukwanen da ake narkawa daga tarkacen injuna. Gwada waɗannan a kasuwa, irin yadda Bangaladash ta yi, bai kai kuɗin gina asibiti ɗaya ba.

MSF ta miƙa aikin Zamfara ga gwamnatin jiha a farkon 2022, bayan ta gwada yara fiye da 8,000 cikin kusan shekara goma sha biyu. Tun daga lokacin dalilin da ya haifar da annobar ƙara ƙarfi ya yi: ozar zinare ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, an ɗage dokar hana haƙa, rashin tsaro kuma ya sa ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga ƙauyuka da dama na Anka da Maru. Gidan da aka kankare a 2010 buhu ɗaya na niƙaƙƙen dutse ya isa ya mayar da shi gidan jiya. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a ajiye na'urar gwajin jini da kayan aikinta a manyan asibitocin duk ƙaramar hukumar da ake haƙar zinare, daga Zamfara zuwa Neja, Kebbi da Kaduna, a sa gubar dalma cikin cututtukan da ake kai rahotonsu a kai a kai, sannan a ware kuɗin kankare ƙasa a kasafin shekara, ta yadda ƙauyen da aka gano ba zai jira wata takwas kamar Bagega ba.