Illar Daɗewa a Sararin Samaniya ga Zuciya da Jini

Wannan maƙala ta duba abin da ke samun jikin ɗan sama-jannati idan ya daɗe a sararin samaniya, kamar Valeri Polyakov na Rasha, wanda tafiyarsa zuwa tashar Mir ta ɗauki kwana 437, daga 1994 zuwa 1995. Da yake jiki ba ya jin nauyi a can, ruwansa kan taru a ƙirji da kai. Daga nan sinadaran homon masu daidaita ruwa da gishiri sukan sauya aiki, jini ya ragu, tsokar zuciya ta raunana. Bayan saukowa, jiri kan ɗebi mutum in ya miƙe, tamkar wanda ƙishirwa ta galabaitar a bazarar Maiduguri, domin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ya ƙaranta.