Ungulun da ta tsallake teku, ta mutu a ƙasar Damagaram

A shekarar 2013 aka ƙyanƙyashe wata farar ungulu a dajin Dadia, can arewa maso gabashin ƙasar Girka. Irin wannan ungulu ta yi ƙaranci ƙwarai a yankin Balkan, domin waɗanda suka rage suna yin sheƙa a can ba su kai ma'aurata 100 ba. Saboda haka masu kula da tsuntsaye suka ɗaura mata wata 'yar na'ura a gadon baya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, suka kuma raɗa mata suna Paschalis.

Da sanyi ya gabato sai ta yi kudu. Manyan ungulaye kan zaga ta Turkiyya da Gabas ta Tsakiya, su bi tudu har Afirka. Ƙananan da ba su sami jagora ba kuwa sukan miƙe kai tsaye bisa Tekun Bahar Rum, alhali ungulu iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa take hawa, kuma babu irin wannan iska a kan ruwa. Cikin ƙananan da aka sa wa na'ura, kusan duk waɗanda suka bi ta teku ruwa ya ci su. Paschalis ta tsallake. Ta ƙetare Sahara, ta sauka a kudancin Nijar, ta yi watanni tana kiwo a jihar Damagaram, inda dabbobi suke da yawa, mushe kuma ba ya yankewa.

A ƙarshen watan Fabrairun 2014 masu bin sawunta suka ga abin da ya tayar musu da hankali. Na'urar ta daina yawo a daji, ta koma aiko da saƙo daga cikin wani gida a wani ƙauye arewa maso gabas da birnin Damagaram. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta ta ƙetare iyaka ta shiga Najeriya. Ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation Fund a Nijar da na cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos suka bi sawu, suka tambayi mutane. Abin da suka gano shi ne, wani maharbi da ya saba shigowa daga Najeriya farautar ungulu ne ya kashe Paschalis, don ya sayar wa masu neman ta saboda tsafi.

Duk wanda ya girma a Matamaye, ko Kance, ko Magarya, ya san yadda ungulu take cika kwata ranar kasuwa, mahauta na kora tana dawowa, har ake cewa ungulu ba ki jewar banza. Yau yaro sai ya yi wayo bai gan ta ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙidaya tsuntsaye a kan hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyan ungulaye irin su miki sun ragu da kashi 98 cikin 100 a waje da gandun daji. A 2015 aka sa ungulun kwata kanta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Kai da ƙafa da ƙwai da gashinta duk kuɗi ne a wurin masu kasa kayan tsibbu, kuma yawancin kayan Najeriya suke nufa.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan laifi. A tsaunukan Ingila da Sukotlan masu kuɗi na harbin wani tsuntsu dangin fakara don nishaɗi, daga 12 ga Agusta kowace shekara. Don tsuntsun ya yi yawa ana ƙona ciyayi, ana kuma kashe shaho da mikiya a ɓoye. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa cikin shahuna 58 da aka sa wa na'ura, kashi 72 cikin 100 an kashe su ko sun ɓace ta hanyar da ke nuna kisa. Sai a 2024 Sukotlan ta wajabta lasisi a kan wannan farauta. Can ma na'ura ce ta tona asiri.

Asarar ungulu kuwa a kanmu take faɗawa. Ungulu na cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe ungulayen Indiya a shekarun 1990, karnukan titi suka gaji mushen, suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Har yanzu farar ungulu na yin sheƙa a duwatsun Kutus da ke yankin Gure, kuma dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 1998 ta hana kashe ta. Amma doka ba ta tsare tsuntsu in jama'a sun kawar da kai. Sarkin fawa, mai gari, sarkin maharba da liman, kowa na da ta cewa. Wanda ya ga baƙo na tambayar inda ungulu ke kwana, ya sanar da ma'aikatan gandun daji tun kafin ya ɗana tarkonsa.